Lambar Kan Gilashi

Kowace Litinin, tun gari bai waye a Drammen ba,
nakan kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashin motoci,
in zare tsohuwar takardar farashi,
in maƙala wadda Eivind ya buga daren jiya.
Shekara shida ke nan ina wannan aiki.
Ban taɓa maƙala lambar da ta ɗara ta makon jiya ba.

Jif ɗin can mai ruwan toka, ta layi na uku,
ta wani likitan haƙori ce, Sigurd Myklebust.
Kurona miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ya zube
ranar da aka sauko da ita daga jirgin ruwa,
kujeru na ƙamshin sabuwar fata,
ba hayaƙi, ba gurnani,
tana tafiya shiru kamar kyanwa a kan katanga.

Shekara uku ya hau ta.
Ko bango bai taɓa gogawa ba.
Asabar ta wanki ce, lokacin sanyi a gareji take kwana.
Sai ƙanwarta ta fito, mai dogon numfashi,
caji guda, ta tsallake duwatsu har Bergen ba ta waiwaya ba.
Sai kamfani ya zabge kuɗin sabuwa cikin dare ɗaya.
Sai jirage suka yi ta sauke wasu daga gabas,
masu araha, masu allo kamar talabijin.

Ranar da ya kawo ta, ina nan riƙe da tsumma.
Eivind ya jona mata kwamfuta, ya ce batir lafiya lau,
kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari.
Sannan ya rubuta dubu ɗari biyar da goma.
Likita ya yi dariya.
Da ya ga ba a taya shi ba, ya cire tabarau ya goge.

"Me ya lalace a jikinta?"
"Babu."
"To ina sauran kuɗina suka tafi?"
Eivind ya dubi taga. Ni na dubi takalmina.
Wanda ya sayi rariya, aka ce, ya san za ta zubar da ruwa,
amma wannan mutum tulu ya saya,
ba tsagu, ba huji,
ya wayi gari ruwan ya koma rabi,
banki kuma na bin sa cikakken tulu.

Ya sa hannu. Ya tafi tashar jirgin ƙasa a ƙafa.

Mako tara ta yi a wajenmu.
Dubu ɗari biyar da tamanin.
Da sittin. Da arba'in da biyar.
Eivind ya daina bi ta layi na uku.

Shekaranjiya wata ungozoma ta sauko daga Hallingdal,
Solfrid, takalminta duk taɓo.
Ba ta shafa fatar kujera ba.
Ta leƙa tayoyi, ta tambayi shekarun garantin batir,
ta tambaya ko tana hawa tudu in dusar ƙanƙara ta kai gwiwa
kuma naƙuda ta kama wata da ƙarfe uku na dare.
Eivind ya fara yi mata bayanin abin da za ta samu in ta tashi sayarwa.
Ta ce, "Wa ya ce maka zan sayar?"
Dubu ɗari biyar cif, ta karɓi makulli.

Da nake share gurbinta na tuna safar hannun likita
da na tsinta a aljihun ƙofa.
Har yanzu tana cikin durowata.

Ni bas nake hawa.
Akwai wata shuɗiya a layi na biyar,
ban gaya wa kowa ba.
Kowace Litinin ni ke sauko mata da lamba da hannuna,
tsani ɗaya, tsani ɗaya,
ni kuwa ina tsaye a ƙasa, hannu a aljihu, ina jira.